Takobin da Auta ta Huda

A gidan tarihin garin, ɗaki na biyu in an shiga ta hannun dama, akwai wani takobin tagulla kwance cikin akwatin gilashi. Gajere ne, da ƙyar ya fi kamu ɗaya, ya yi kore shar don tsufa, bakinsa duk giɓi. Masu haƙa harsashin asibiti ne suka tono shi, tun Auta ba ta zo duniya ba. A jikin gilashin an liƙa 'yar takarda mai cewa kakannin garin ne suka zuba shi da jan ƙarfen da suka haƙo a dutsen bayan gari. Ba wanda ya taɓa auna wannan magana. An dai buga ta da keken rubutu, kuma a wancan zamani abin da ya fito daga keken rubutu ba a yi masa musu.

Mai maganar shi ne mahaifin Auta, wanda har yau gari ke kira Hedimasta, ko da yake ya daɗe da ajiye alli. Hujjarsa ba ta da tsawo. A dutsen akwai tsofaffin ramuka, a bakin ramukan akwai korayen duwatsu irin masu jan ƙarfe a ciki, takobin kuma kore ne. Da wannan hujja ya yi ta hawa dutsen da aji bayan aji, har yaran suka girma suka turo masa nasu yaran. In baƙo ya zo gari, gidansa ake kai shi ya ji tarihin takobi, ya sha shayi, a ba shi ɗaya daga korayen duwatsun da ke jere a bakin tagar falo ya jujjuya, ya mayar.

Mutum ɗaya ne ya ƙi yarda, shi ne Kawu, yayan Inna mahaifiyar Auta, tsohon safiyo, wanda ya ƙare shekarun aikinsa yana gaya wa mutane cewa iyakar filinsu ba a inda kakansu ya ce take ba.

"Kwaɗo ma kore ne, Hedimasta," in ji shi wata rana, a gaban baƙi. "Shi ma a dutsen aka haƙo shi?"

A kan kwaɗon nan Baba ya daina yi wa Kawu magana. Ba zagi, ba hayaniya. Baba ba ya faɗa da mutum, share shi yake yi kamar rubutun jiya a allo. In Kawu ya zo gaida ƙanwarsa, sai Baba ya dubi kujerar da yake zaune a kai, ya ga kujera. Auta tana koyon ƙirga aka fara, sai da ta shiga sakandare aka shirya, kuma da shiryawar suka ɗauki musun daga daidai inda suka ajiye shi.

Auta ta ga wannan shiru da idonta. Shi ya sa gabanta ya faɗi ranar da Baba ya kira ta falo. Lokacin ta zama Dakta, tana aiki a ɗakin gwajin ƙarafa na jami'a, amma a gida har yanzu ita ake aika ta ɗauko tabarau.

"Na gama da shugaban gidan tarihi," ya ce. "Ya yarda a auna takobin, a sake takardar jikin gilashi. Ke za ki auna. Na gaji da kawunki."

"Baba, akwai wasu masu wannan aikin fa."

"Akwai wasu 'ya'yan ma a gari. Ke na haifa."

Ta zauna a bakin kujera ta yi masa bayani a hankali, yadda take yi wa sababbin ɗalibai. Tagulla haɗi ce, jan ƙarfe da ɗan kuza. Jan ƙarfe kuma ba ya fitowa daga ƙasa shi kaɗai, kullum da burbushin darma a jikinsa. Darmar nan iri-iri ce, wata ta ɗara wata nauyi da ɗan abin da ido ba ya gani, kuma kowane dutse da irin haɗinsa. Wutar maƙera ba ta canza wannan haɗin, tsufa ma ba ya canza shi. Za a auna na takobin, a auna na dutsen, a gwada.

"Madalla. Sai na'ura ta ce eh, mu huta."

"Ba ta cewa eh, Baba."

Ya leƙo ta ta saman tabarau.

"A'a kawai ta iya. In ba su yi kama ba, sai ta ce ba daga nan ba ne. In sun yi kama, sai ta yi shiru, don wani dutsen a wata ƙasa ma yana iya yin kama. Kama da wane ba ta wane."

"Na'urar da ba ta iya komai ba sai a'a," in ji Baba. "Dangin uwarki ne suka ƙera ta?"

"Ina jin ka, Malam," in ji Inna daga kicin.

"Don ki ji na faɗa." Ya juyo ga Auta. "To ta yi shirun. Shirun ma ya ishe ni."

Hudar takobin, don a ɗebi abin aunawa, an yi ta ne a ɗakin ajiya na gidan tarihin, tsakanin tulunan da ba su samu wuri a waje ba da wata fanka mai juyawa da tsaki. Shugaban gidan tarihi ya ɗauko takobin da hannu biyu cikin farar safa, yana gumi, ya kwantar da shi a kan soso kamar jinjirin wani. Auta ta zaɓi wuri a gindin mariƙin, inda mai kallo ba zai gani ba. Ta sa bakin injin huji siriri kamar allura. Koren da ya fara zubowa ta ture shi gefe, don tsatsa ce, ta sha ƙasa da ruwan shekaru aru-aru, ba a karɓar shaidarta. Can ƙasa garin ƙarfen ya fara fitowa ja-ja, yana ƙyalli, sabo fil kamar jiya aka zuba. Wannan ta tara a 'yar kwalba. Duka-duka bai kai gishirin da ake ɗiba da yatsa biyu ba.

Baba, wanda ya dage sai ya zo, ya juya baya tun da hujin ya fara ƙara, ya tsura wa wani tulu ido har aka gama.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan, Baba."

"Kin gan shi ja? Irin na dutsenmu ke nan."

"Duk jan ƙarfe ja ne, Baba."

"Kin fara magana kamar kawunki."

Duwatsun gwadawa kuwa ta ƙi na bakin taga, don ba wanda zai iya rantsewa daga wane rami kowanne ya fito, kuma Inna ta sha fasa kwakwa da biyu daga ciki. Da kanta ta hau dutsen da guduma da jakunkuna, ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Baba ya tsaya a gindi, gwiwa ta hana shi hawa, yana nuna mata hanya da sanda yana kiran sunan da ya raɗa wa kowane rami.

Sauran aikin na haƙuri ne. A niƙa, a narkar a ruwan asid, a tace, a sake tacewa, a ɗakin da ba a shiga da takalmin waje ko hoda a fuska, don darmar da ke cikin ƙurar titi ma tana iya shiga ta ba da tata shaidar ba a tambaye ta ba. Sannan a bi layin na'ura, wadda take lalacewa duk lokacin da aka fi bukatarta. Kullum sai Baba ya bugo waya. Ba ya tambayar sakamako, sai ya tambayi lafiyar na'ura.

Ranar da sakamakon ya fito, Auta tana zaune gaban kwamfuta da kofin shayin da ya huce. Kowane dutse ya zama ɗigo a kan allo. Ɗigogin dutsen bayan gari sun taru a kusurwar hagu ta ƙasa, kai da kai, kamar 'yan gida ɗaya a wurin ɗaukar hoto. Ɗigon takobin yana can sama ta dama, shi kaɗai, ko waiwaye ba ya yi. Ta sake aunawa da ragowar garin. Ɗigon bai motsa ba.

Farfesa, shugabanta, ya tsaya a bayanta da hannu a aljihu. Mutum ne mai kirki, wanda ya kai wannan matsayi ba tare da ya taɓa ɓata wa kowa rai a rubuce ba. Ya san Hedimasta, shi ma ya hau dutsen yana ɗan gajeren wando.

"Kai," ya ce. "Tsohon zai ji jiki."

"Zai ji."

"Amma Dakta, ai kin san halin mutanen da. Ba sa zubar da ƙarfe. Takobi ya karye, a haɗa shi da tsohon munduwa da gindin tukunya a narke, a zuba sabo. Wa ya san abin da ya shiga tukunyar nan? In cokali ɗaya na dutsenku ya faɗa ciki, na'ura ba za ta gani ba."

"Ba za ta gani ba."

"To ki rubuta haka. Ba za a iya kore yiwuwar cewa wani kaso na ƙarfen ya fito daga dutsen ba. Ƙarya ce?"

"Ba ƙarya ba ce."

"To kin gani. Rabin littattafan da ke bayanki da irin wannan jimla aka gina su, kuma ga su nan tsaye."

Auta ta maimaita jimlar a mota har ta hardace. An ce gaskiya ta fi dokin ƙarfe ƙarfi, amma masu faɗin haka ba su cika zama waɗanda za su kai ta falon ubansu ba. Ita abin da ta sani shi ne zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Na'ura tana can cikin sanyi an lulluɓe ta da leda. Ita Auta ce za ta zauna a kujera a dube ta a ga kujera.

Ta kicin ta shiga. Inna tana yankan albasa, ta dube ta sau ɗaya ta ci gaba da yanka.

"Ba daga dutsen ba ne ko?"

"Inna, wa ya gaya miki?"

"Mai labari mai daɗi ba ya shigowa ta kicin. Bari ya ci abinci tukuna. In zai daina magana, ya daina da cikinsa cike."

"Inna, ke ba ki damu ba?"

"Ni na zauna tsakanin mijina da yayana suna aiko ni da saƙo alhali gwiwarsu na gogar juna. Ki ce masa ya miƙo gishiri. Ki ce masa gishirin na gabansa. Wannan karon ba zan yi wa kowa dako ba, na tsufa."

Baba ya ci abinci, ya wanke hannu, ya goge tabarau da bakin riga, ya zauna a kujerarsa ta kusa da taga. Auta ta tsaya a gabansa, ba ta san lokacin da ta haɗa hannu a baya ba.

"Ina jin ki."

"Baba, bisa ga abin da aka auna, kuma in aka yi la'akari da cewa maƙeran da sukan narkar da tsofaffin kaya su haɗa da sababbi, ba za a iya kore yiwuwar cewa wani kaso na ƙarfen ya fito daga dutsen ba."

Ya tsura mata ido. A kicin wuƙa ta daina ƙara.

"Sake faɗa."

Ta sake. A karo na biyu jimlar ta fi tsawo a bakinta.

"Wani kaso," in ji Baba. "Kamar nawa?"

"Ba za a iya sani ba."

"Rabi?"

"A'a, bai kai ba."

"Cikin cokali?"

"Yana yiwuwa."

"Wannan magana taki, in na ɗauko wani dutse daga bangon duniya, wanda ba wanda ya taɓa jin sunansa, za a iya faɗin ta a kansa?"

Auta ta dubi tabarmar ƙasa. "Za a iya."

"Auta, na ƙare ƙuruciyata ina duba takardun jarrabawa. Na san rubutun yaron da bai san amsa ba, yana cika shafi don a ji tausayinsa. Na kuma san na wanda ya sani sarai, yana kewaye-kewaye don kar ya ɓata wa malami. Na farkon nakan ba shi ɗan wani abu don wahalarsa. Na biyun sifiri nake ba shi." Ya gyara zama. "Kin ce na'urarku kalma ɗaya ta iya. Ta faɗa, ko ta yi shiru?"

"Ta faɗa."

"To ke ma faɗa."

"Ba daga dutsen ba ne, Baba."

"Kusa?"

"Ko kusa."

"Sau nawa kika auna?"

"Har garin ya ƙare."

Ya juya ya dubi taga, inda dutsen yake leƙowa ta saman rufin maƙwabta kamar kullum, ba ruwansa. Auta ta tsaya tana sauraron shirun, tana neman ta gane irinsa, na tunani ne ko wancan ne. Agogon bango ya yi ta aikinsa. Inna ta leƙo da wuƙa a hannu, ta koma.

Can Baba ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa.

"Ɗauko makullin mota."

Bai ce Auta ba, bai kuma dube ta ba, amma dai da ita yake, don ba wani mai mota a gidan.

"Ina za mu, Baba?"

"Gidan kawunki. Ba zan yarda ya ji a bakin wani ba, ya zo yana yi mini sallama da murmushi."

A hanya sau ɗaya kawai ya yi magana, ya ce ta kula da rami, bayan ta riga ta faɗa.

Sun tarar da Kawu a baranda cikin singileti, yana gyaran wata rediyo da ta mutu tun yana aiki. Ya ga Baba da hula da sanda da Dakta a baya, ya ajiye sukudireba.

"Lafiya, Hedimasta? Wa ya rasu?"

Baba ya ƙi zama. Ya tsaya kamar mai sanarwa a taron safe.

"Safiyo, an auna takobi. Ba daga dutsen ba ne."

Kawu ya buɗe baki. Mutum ne da ya shekara da shekaru yana wasa wuƙarsa don wannan rana, yana tanadin maganganu masu kaifi, wasu ma ya gwada su a kan matarsa. Ga ranar ta zo ta same shi da singileti. Ya dubi Baba, ya ga yadda ya dogara da sanda kamar ita kaɗai ta rage masa. Ya dubi rediyo. Sannan ya juyo ga Auta, ya haɗe gira.

"Wa ya auna?"

"Ni ce, Kawu."

"Ke? Da me?"

"Da na'ura, Kawu."

"Wuri nawa kika huda?"

"Ɗaya."

"Ɗaya!" Kawu ya tafa hannu. "Ni da na yi aikin awo, ko filin akuya ba na yankewa da turke ɗaya. Rami ɗaya a gindin takobi, shi ke nan an gama da dutse guda? Ramukan bayan dutsen fa, na wajen rafi, waɗanda suka rufta? Kin shiga?"

"Sun rufta, Kawu."

"To kin ji! Ba ta shiga ba. Hedimasta, kar ka yarda. Yaran yanzu, a ba su farar riga da na'ura mai fitila, sai su rushe maganar manya kafin shayi ya huce."

Auta ta buɗe baki za ta yi bayanin cewa jijiyar ma'adinin ɗaya ce gaba da baya, amma Baba ya riga ta. Ya buga sanda a siminti.

"Safiyo, kama bakinka. Wa kake kira yaran yanzu?"

"'Yar ƙanwata nake kira, ina da iko."

"Ina tsaye ta huda. Tsatsar ma ba ta ɗauka ba, sai da ta kai ga jan. Ramukan nan ɗaya bayan ɗaya ta bi su, ni na nuna mata. Kai da ka auna wa mutane fili har masallaci ya faɗo a gonar wani, kai ne za ka koya wa 'yata awo?"

"Wannan kuskuren mai zane ne, na sha gaya maka!"

"In Auta ta ce ba daga dutsen ba ne, to ba daga dutsen ba ne."

"Ni kuma na ce sai an sake dubawa. Dutsen nan da jan ƙarfe a cikinsa, kowa ya sani. Mutane su bar ƙarfe a bayan gidansu su tafi neman na wata ƙasa? Hankali ma ba zai ɗauka ba."

"Hankalinka dai."

Kawu ya jawo kujera da ƙafa, Baba ya zauna ba tare da ya lura ya zauna ba. Matar Kawu ta leƙo ta labule, ta ga ko su wane ne, ta tafi ɗora ruwan zafi. Auta tana tsaye a bakin baranda da makullin mota a hannu, ba wanda ya ce ta zauna.

"Auta," in ji Baba, ya juyo ya dube ta sosai. "Zo nan. Yi wa kawunki bayanin darmar nan. A hankali, kada ki yi sauri, safiyo ne."